Ciwon Da Ba Ya Fita A Hoto

Sharhinmu na yau kan wani ciwon ciki ne da ke wahalar da mai shi, yake kuma wahalar da likita, domin duk gwajin da aka yi sai a ce lafiya lau. An ɗebi jini, babu komai. An duba bayan gida, babu tsutsa. An yi hoton ciki, har an zura na'ura mai kyamara cikin hanji, ba a ga miki ba, ba a ga ƙari ba. Amma mutum na nan yana fama: ciki ya murɗa, ya kumbura bayan cin abinci, yau zawo, jibi kuma a kwana uku bayan gida ya ƙi fita. Likitoci na kiran sa IBS, wato hanji mai saurin harzuƙa. A wurinmu kuwa sau da yawa sai a ce olsa ce ko taifod, a nufi kemis.

Tunda na'ura ba ta ganinsa, babu abin da likita zai riƙa sai bakin majiyyaci. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To labarin hanji fuska ba ta ba da shi, sai mai cikin ya faɗa. Ƙa'idojin Rum, waɗanda likitocin duniya ke bi wajen gane wannan ciwo, tambayoyi ne zalla. Bugu na huɗu da ya fito a 2016 ya ce sai ciwon cikin ya riƙa zuwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, yana tare da aƙalla biyu daga cikin abubuwa uku, wato alaƙa da fita bayan gida, sauyin yawansa, da sauyin kamanninsa, kuma ya faro tun wata shida baya.

Gane ciwo daban, auna shi daban. Likita ya rubuta magani, bayan wata guda ya ce, "Malam, yaya jikin?" Kowa ya san amsar: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Mutumin da aka kwantar a asibiti ma haka zai ce. Ladabi ne da tawakkali, kuma ba za mu raina shi ba. Sai dai likitan da ya rubuta "da sauƙi" a kati bai san ko ya ci gaba da maganin ko ya sauya ba.

Irin wannan matsala ce ta sa a 1997 Peter Whorwell da abokan aikinsa a birnin Manchesta na Ingila suka fitar da wani ma'auni mai tambaya biyar. Yaya tsananin ciwon? A kwana goman da suka wuce, kwana nawa ka yi da shi? Yaya kumburin? Yaya rashin gamsuwarka da yadda kake bayan gida? Kuma nawa wannan ciwo ya shiga tsakaninka da harkokin rayuwarka? Kowace tambaya maki 100 ce, jimilla 500. Daga 75 zuwa 175 ciwon mai sauƙi ne, zuwa 300 matsakaici, sama da 300 ya tsananta. Idan maki ya sauka da 50, ana ɗauka an samu sauƙi na gaske. Tambaya ta biyar ita ta fi burge ni. Ita ce ke kama direban da ke tsoron doguwar hanya, da ɗalibar da ba ta karyawa ranar jarrabawa, da dattijon da alwala ba ta zauna masa saboda iska. Babu gwajin jinin da zai nuna wannan.

A shekarar 1997 ɗin dai, a birnin Biristol, Stephen Lewis da Ken Heaton suka wallafa jadawalin da ya kasa bayan gida gida bakwai, daga na ɗaya, mai tauri gutsi-gutsi kamar kashin awaki, zuwa na bakwai, ruwa tsundum. A gafarce ni, na san wasu na cin abinci. Amfaninsa shi ne hoto ne da shi. Wanda bakinsa ya yi nauyi sai ya nuna da yatsa kawai.

To amma kai, mai sauraro, za ka iya tuna yadda cikinka yake ranar Talatar makon jiya? Mutum ya fi tuna ranar da ya sha wuya da kuma jiya. Sauran sai ya cike da ƙiyasi. Shi ya sa a 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta shawarci masu gwajin sababbin magungunan IBS su daina dogara ga tambaya ɗaya ta "ka samu sauƙi ko ba ka samu ba". A riƙa tambaya kullum: a awa 24 da suka wuce, ina ciwon ya kai tsakanin 0 da 10? Ba za a ce magani ya yi wa mutum aiki ba sai ciwon ya ragu da kashi 30 cikin 100, bayan gida ya gyaru, kuma hakan ya tabbata a aƙalla rabin lokacin gwajin.

Akwai dalilin wannan tsanantawa. A gwaje-gwajen IBS, kusan mutum huɗu cikin goma da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta sukan ce sun ji sauƙi. A 2008 Ted Kaptchuk na jami'ar Harvard ya raba majiyyata 262 kashi uku. Kashin farko aka bar su suna jira, kashi 28 cikin 100 suka ce sun samu sauƙi. Na biyu aka yi musu allurar Sinawa ta bogi, ba hira ba sakin fuska: kashi 44. Na uku allurar bogin ce dai, amma mai yin ta ya zauna, ya saurare su, ya yi tambaya cikin kulawa: kashi 62. Wani zai ce ashe ciwon na ƙarya ne. Ban yarda ba. Hanji da ƙwaƙwalwa jijiyoyi ne suka haɗa su, kuma abin da ya kwantar da hankali yakan kwantar da ciki. Abin da binciken ya nuna shi ne, mai tambaya ma yana cikin ma'aunin.

Nan ne maganar ta iso gida. Gidauniyar Rum, mai fitar da waɗancan ƙa'idoji, ta yi wani babban bincike a ƙasashe 33, ta tambayi mutum sama da 73,000, aka wallafa a 2021. A ƙasashen da aka amsa ta intanet, da aka bi tsohuwar ƙa'idar Rum ta 2006 an samu masu IBS kashi 10.1 cikin 100. Da aka bi ta 2016, wadda ta fi tsauri, sai suka koma 4.1. Cikin mutane bai sauya ba, tambaya ce ta sauya. A ƙasashen da aka bi gida gida kuwa, ciki har da Najeriya da Gana, adadin ya faɗi zuwa 1.5. Kada mu yi saurin murna cewa hanjinmu ya fi na kowa ƙwari. A ganina kunya na da hannu. Baƙo ya yi sallama da takarda a hannu, ya tambayi matar aure sau nawa take zagawa a mako, ga yara ga kishiya na ji. Me kake tsammani za ta ce?

Mai fama da irin wannan ciki, ba sai ka jira fom daga Ingila ba. Nemi takarda, ko da ajami, ko ka sa ɗanka ya rubuta maka. Kowane dare har mako biyu ka sa lambar ciwon daga 0 zuwa 10, sau nawa ka zaga, da tauri ko da ruwa, me ka ci, kuma ko ya hana ka aiki. Ka kai wa likita. Malaman asibiti kuma, bayan "da sauƙi" a ƙara tambaya ɗaya: kwana nawa cikin goma?

Amma idan akwai jini a bayan gida, ko rama babu dalili, ko zazzaɓi, ko ƙarancin jini, ko zawon da ke tashe ka cikin dare, ko ciwon ya faro bayan shekara 50, ko wani a dangi ya taɓa yin sankarar hanji, to ba lokacin rubutu ba ne. A tafi asibiti a yi gwaji, kada a ce sai mako biyun sun cika.