Ilimi a Gindin Gawo: Ɗige-ɗigen Gishiri

A wani ƙauye na ƙasar Gazawa, wani magidanci ya buɗa kayen ɗansa da ya zo hutu daga lise. Ya iske shafi cike da ɗige-ɗige, an jera su biyu-biyu. Ransa ya ɓaci. Ya ce: "Kai yaro, bugun ƙasa ake koya muku can? In haka ne, bana gona za ka zamna." Yaron ya ce: "A'a Baba, gishiri ne na zana."

Gaskiyar yaro ce. Ɗige-ɗigen ba na duba ba ne. Wani malami na Amurka mai suna Gilba Luwis ya fito da su a 1916, don a gane yadda abubuwa ke haɗuwa.

Gishirin miya abu biyu ne suka haɗu. Na farko sunansa sodiyam, ana rubuta shi Na. Ƙarfe ne mai taushi, wuƙa na yanka shi, in ya taɓa ruwa sai ya yi tartsatsi har ya kama wuta. Na biyu sunansa kulor, ana rubuta shi Cl. Iska ce mai guba, mai wari irin na ruwan jabel. Ba mai iya sa ko ɗaya cikinsu a baki. Amma da sun haɗu, sai su zama abin da ake saye a kasuwar Cadawa da tiya.

Yaya haka ke faruwa? Kowace ƙwaya ta waɗannan abubuwa tana da ƴan ƙananan ƙwayoyin lantarki kewaye da ita, waɗanda ido ba ya gani. Ɗan lakwal yana ƙidaya na layin waje kawai, kowane guda ɗigo guda. Layin nan kamar ramukan shuka 8 ne. Kulor yana da iri cikin rami 7, saura 1. Sodiyam kuwa 1 tak gare shi a waje. Sai yaro ya rubuta Na da ɗigo 1, ya rubuta Cl da ɗigo 7, ya ja kibiya ya kai ɗigon sodiyam cikin ramin da ya rage. Kulor ya cika 8. Wanda ya bayar a sa masa alamar ƙari, wanda ya amsa a sa masa alamar ragi. Lantarkinsu ya bambanta ke nan, shi ya sa suke jan juna, su riƙe kam. Ruwa ne ke raba su, don haka gishiri ke narkewa cikin miya.

To, ina ruwan manomi da wanga zance? Da ruwansa ƙwarai. Takin zamani ɗan'uwan gishiri ne. Lamba ta ukku da ke jikin buhun 15-15-15 ta fotas ce, shi ma ɗigo 1 gare shi kamar sodiyam, haka nan yake bayar da shi. Saiwar hatsi ba ta cin taki busasshe, sai wanda ya narke. Wanda ya zuba taki cikin busasshen rairayi irin na gonakin Agye, hatsi ba zai ga amfaninsa ba sai ruwa ya sauka. Wanda kuma ya cika shi jikin iri, zai ƙone tsiron, domin yana janye ruwa kamar yadda gishiri ke tsotse ɗanyen nama. A bari ƙasa ta jiƙa, a sa kaɗan, a rufe da ƙasa. Buhu kuma kada ya kwana bisa ƙasa mai laima, zai dunƙule.

Makiyayan Gidan Rumji sun riga sun sani a aikace. Sodiyam ɗin nan ne saniya ke nema in tana lasar ƙasa, don ciyawa ba ta da shi da yawa. Shi ne cikin kantun Bilma, shi ne cikin kanwa, shi ke kai garke Ingal a ƙarshen damana.

Yaron ya koma lise bayan hutu. Buhun taki 2 da ke ƙasan ɗakin ubansa kuwa, tun ran nan aka aza su bisa itace.