LAFIYA UWAR JIKI: Mai kolopati da zaɓen garin gyaran hanji

Akwai wani ciwon ciki da ba ya kayar da mutum bisa tabarma, amma yana hana shi sakewa shekara da shekaru. Mai shi kan tashi da safe lafiya lau, kafin azahar ciki ya kumbura, wando ya matse, murɗa ta taso ƙasan cibiya. Wani sai ya kwana uku bai zagaya ba, wani da ya ci abinci sai ya nemi buta, wani kuma yau wannan gobe wancan. A gida sai a ce zahi ne, ko basur, ko sanyi. A gidan likita kuwa, bayan an auna jini da bayan gida ba a ga kome ba, sai a shaida masa cewa kolopati gare shi, wato hanjinsa ba shi da rauni ko miki, saurin tunzura ne ya yi masa yawa.

Bisa ma'aunin da masana suka daidaita a kansa a shekarar 2016, wanda ake kira Rom na 4, ana maganar wannan cuta idan ciki yana ciwo aƙalla rana 1 kowane mako cikin wata 3 na baya, ciwon yana da alaƙa da aƙalla biyu cikin waɗannan ukun, wato fitar bayan gida da canjin yawansa da canjin kamarsa, kuma abin ya soma tun wata 6 ko fiye. Cutar ba ta kisa, ba ta rikiɗa ta zama sankara. Amma tana cin kuɗi, tana cin kwanciyar hankali.

Shawarar farko da likita kan bayar ita ce a ƙara abin da ake kira fibir, wato sashen nan na hatsi da ganye da ƴaƴan itace da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa. Daga nan ne ruɗani ke somawa, domin idan marar lafiya ya shiga farmasi a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, yakan tarar da kwalaye iri iri, kowane da wannan kalma a jikinsa. Sai ya ɗauki mai araha, ko wanda maƙwabci ya yaba masa, bayan mako guda ciki ya ƙara ɓaci, ya yanke hukuncin cewa likita bai san aikinsa ba.

Gaskiyar maganar ita ce fibir iri biyu ne, kuma duk matar da ta saba da tukunya ta san bambancinsu. Idan aka zuba dusa cikin ruwa, tana nan da kaushinta, ba ta haɗuwa da shi. Idan kuwa aka zuba busasshiyar kuɓewa, sai ta sha ruwan ta yi yauƙi. Haka abin yake cikin hanji. Mai kaushi yana gogar bangon hanji yana zaburar da shi, abin da kan taimaki mai lafiya, amma ya ƙara wa hanji mai tunzura murɗa da kumburi. Mai yauƙi kuwa yana riƙe ruwa, ya tausasa bayan gida mai tauri, ya kuma ɗaure mai ruwa ruwa. Shi ya sa gari guda ke iya amfanar mai taurin ciki da mai zawo baki ɗaya.

Cikin masu yauƙi, wanda aka fi gwadawa shi ne ɓawon ƙwayar wani ɗan tsiro da ake nomawa a jihohin Gujarat da Rajastan na ƙasar Indiya. Bisa kwali ana rubuta sunansa psyllium ko ispaghul. A shekarar 2009 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan bisa mutum 275 masu wannan cuta. An raba su kashi uku har tsawon mako 12: wasu na shan garam 10 na wannan ɓawo kowace rana, wasu garam 10 na dusa, sauran kuma garin shinkafa da ba ya maganin kome. Cikin watan farko, 57 cikin 100 na masu shan ɓawon sun samu sauƙi, alhali masu garin shinkafa 35 ne cikin 100. Waɗanda suka fi janyewa tun farkon gwajin kuwa masu dusa ne, yawancinsu saboda ciwon ya ƙaru. A 2021 ƙungiyoyin likitocin ciki na Amurka da na Birtaniya, kowace a nata ɓangare, sun ba da shawara guda: a ba mai kolopati fibir mai narkewa cikin ruwa, a guji mai kaushi irin dusar alkama.

Sai dai ba duk mai narkewa ne ya dace ba. Akwai inulin, wanda ake cirowa daga saiwar shikore, ana zuba shi cikin garuruwa da kayan sha da yawa. Yana narkewa sarai, amma ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin babban hanji suna cinye shi da sauri, su cika ciki da iska. Irin abin da wake da albasa da tafarnuwa ke yi wa masu wannan cuta ke nan. Fifikon ispaghul shi ne waɗannan ƙwayoyi ba su cin shi sosai, don haka yauƙinsa na kaiwa har ƙarshen hanya ba tare da iska mai yawa ba.

Saboda haka kafin a miƙa kuɗi, ya kamata a karanta kwali, ko a roƙi mai farmasi ya karanta. Na farko, a tabbata sunan ispaghul ko psyllium ne a jerin abin da ke ciki. Na biyu, a duba ko an haɗa shi da séné, ɗan'uwan filaskon da aka sani a gargajiya. Wannan mai tilasta hanji ne, yana kawo murɗa, bai dace da shan yau da kullum ba. Na uku, a duba zaƙin da aka sa: mai ciwon sukari ya guji wanda aka cika da sukari, mai kumburi da zawo ya guji sorbitol. Na huɗu, a duba ranar lalacewa, a kuma saya a farmasi, domin garin da ya yi watanni bisa tebur ko bisa tiren talla cikin rana da ƙura babu mai lamunin abin da ya zama.

Yadda ake sha ma rabin magani ne. Ana somawa da kaɗan, garam 3 zuwa 4 a rana, sannan a riƙa ƙarawa sannu sannu mako bayan mako, gwargwadon yadda ciki ya karɓa. Wanda ya soma da cikakken awo ranar farko zai sha kumburi, ya zargi garin a banza. Ana kaɗa shi cikin babban kofi cike da ruwa, a shanye nan take kafin ya daskare, a bi shi da wani ruwan. Ba a afa shi busasshe, ba a shan shi dab da kwanciya, domin yana iya kumbura ya toshe maƙogwaro. Mai wahalar haɗiya, da wanda aka taɓa ce masa hanjinsa ya ƙuntata, kada su sha sai da izinin likita. A bar tazarar awa 2 tsakaninsa da sauran magunguna, don kada ya rage musu ƙarfi. Lokacin bazara da watan azumi, wanda bai sha isasshen ruwa ba garin na iya ƙara masa taurin ciki. A ba shi wata guda cur kafin a yanke masa hukunci. Idan wata 3 suka wuce babu canji, a daina ɓarnar kuɗi a koma wurin likita.

Wanda aljihunsa bai kai ba, tukunyar gida na da nata taimako. Kuɓewa da kuka da yoɗo da lalo duk yauƙinsu fibir ne mai narkewa, kuma miyarsu ta fi dacewa da mai wannan ciki idan an rage mata barkono da mai. Ƙaro ma, wanda ake tsinka jikin ɗakwara a yankunan Difa da Damagaram, mai narkewa ne, amma ba ya yin kauri cikin ruwa kamar ispaghul, don haka ba ya tsaya matsayinsa.

Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne kada mutum ya yanka wa kansa sunan cuta. A ƙasa irin Nijar, amiba da tsutsar ciki kan yi kama da kolopati, kuma awon bayan gida ne ke raba gardama. Jini cikin bayan gida, rama babu dalili, ƙarancin jini, zazzaɓi, zawon da ke tayar da mutum cikin dare, ko ciwon da ya soma bayan shekara 50, ko a gidan da aka taɓa yin sankarar hanji, duk waɗannan ba aikin gari ba ne. Mai ɗaya daga cikinsu ya tafi asibiti tun da wuri, kafin ya nufi farmasi.