Yaro Ya Karanta, Amma Ya Gane?

Kowace shekara, idan hukumar WAEC ta saki sakamakon jarrabawar kammala sakandare wajen watan Agusta, gidaje da yawa cikin ikilisiyoyinmu sukan shiga hali iri ɗaya. Yaro ya ci lissafi, ya ci aikin gona, ya ci kimiyya, amma a Turanci an ba shi D7 ko F9. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wasu su ce malamai ne, wasu su ce masu duba takardu ne, wasu kuwa su ce yaron ne ba shi da sa'a. Uba ya sayar da buhun masara ko akuya, a sake biyan kuɗin jarrabawa, yaro ya sake zama, sau da yawa kuma sakamakon bai canja ba. Babu unguwar da ba a san wani saurayi ko wata yarinya mai ƙwazo da suka yi shekara biyu ko uku a gida saboda wannan darasi guda ba.

Abin ba na wasa ba ne. Jami'o'in ƙasar nan suna neman kiredit biyar, wato daga C6 zuwa sama, kuma dole Turanci ya kasance a ciki. A jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ma, kowane ɗalibi sai ya amsa tambayoyin Turanci, ko likita yake so ya zama ko lauya. A shekarar 2025, bayan WAEC ta gyara sakamakon da ta fara fitarwa, kusan kashi 63 cikin 100 ne na ɗaliban Nijeriya suka sami kiredit biyar tare da Turanci da lissafi. Ke nan fiye da kashi ɗaya cikin uku ba su haye ba.

Ya kamata iyaye su san yadda ake raba maki a wannan jarrabawa, domin a nan ne maganarmu ta yau take. Takarda ta biyu ta Turanci a WAEC ana yin ta cikin awa biyu, tana da maki 100. Rubutun insha'i yana ɗaukar 50. Sauran 50 ɗin kuwa suna kan karatu ne: maki 20 ga sashen da ake ba ɗalibi wani rubutu ya karanta ya amsa tambayoyi a kansa, maki 30 ga sashen da zai karanta wani rubutun ya taƙaita shi cikin 'yan jimloli. Rabin takardar ke nan. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 da hedkwata a Minna, ita ma tana gwada waɗannan abubuwa biyu. Kuma rubutun da za a kawo, yaro bai taɓa ganin sa ba. Yau ana iya kawo zance kan hatsarin mota, baɗi kan kiwon zuma. Babu abin da zai haddace ya shiga da shi.

To, ina matsalar take? Mu a ganinmu, yaranmu da yawa sun koyi furta Turanci, ba su koyi jin sa ba. Tun daga firamare malami yakan karanta jimla, aji ya maimaita da murya ɗaya. A sakandare kuma a cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, su mayar wa malami a ƙarshen zango. Yaron da ya taso a haka zai iya miƙewa tsaye ya karanta shafi guda ba tuntuɓe, iyaye su ji daɗi, amma in ka rufe littafin ka ce masa, "Me aka ce?" sai ya sunkuyar da kai.

A ɗakin jarrabawa irin wannan yaro dabara ɗaya gare shi. Zai duba tambaya, ya ga wata kalma, ya nemo inda kalmar ta fito a cikin rubutun, ya kwashe jimlar gaba ɗaya ya zuba a takardar amsa. Rahotannin manyan masu duba takardu na WAEC sun sha kokawa da wannan kwafe-kwafe shekara da shekaru. A sashen taƙaitawa musamman, wanda ya kwashe jimlolin marubuci ya zuba yakan yi asarar maki, domin abin da ake nema shi ne ya tsamo gundarin magana ya faɗe shi cikin tasa jimla, ya bar misalai da ƙarin bayani.

Tambayoyin kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda amsarta take a fili. Akwai wadda sai an haɗa magana biyu kafin a gano abin da marubuci yake nufi bai faɗa ba. Akwai wadda ake ciro wani yanki na jimla a ce a faɗi sunansa a nahawu da aikin da yake yi. Akwai ta adon magana. Akwai kuma wadda ake ba da kalmomi a ce a kawo wasu da za su iya zama a gurbinsu cikin wannan rubutun. Ɗauki kalmar "fine". Yaro ya saba da ita wajen gaisuwa, tana nufin lafiya lau. Amma in labarin kotu ake yi, tara take nufi. Haka nan idan Bature ya ce an saki kyanwa daga buhu, asiri ne ya tonu, babu wata kyanwa. Mu ma in muka ce wane yana da dogon hannu, ai ba awon hannunsa muka yi ba. Irin wannan sani ba ya samuwa ta haddar jerin kalmomi. Sai wanda ya daɗe yana cin karo da kalmomi a cikin labari.

Shi ya sa muke cewa darasin gaggawa da ake shirya wa 'yan ajin ƙarshe a watan Maris da Afrilu ya zo a makare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fahimtar karatu aba ce da ake tarawa kaɗan-kaɗan, tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma mafi yawan aikin a gida ake yin sa.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce: "Ni da ban yi boko ba, yaya zan koya wa yaro Turanci?" Ga amsa. Ba a ce ki koya masa Turanci ba, Mama. Abin da ake nema a wurinki shi ne ki zama mai sauraro. Bayan cin tuwon dare, yaro ya ɗauki shafi guda na Turanci ya karanta a zuciyarsa, ya rufe littafin, sa'an nan ya ba ki labarin abin da ya karanta da Hausa, ko da Berom, ko Ngas, ko Bura, ko Bachama, ko duk harshen da kuke yi a gida. Ke kuma ki yi masa tambayar da kika saba yi wa wanda ya dawo daga kasuwa: Wa ya yi? Don me ya yi? Daga nan fa? Kai kana ganin gaskiya ya faɗa? Wanda bai gane ba, ba zai iya juya magana zuwa wani harshe ba, nan take za ki ji yana kame-kame. Wanda ya gane kuwa, ya riga ya yi aikin da ake nema a sashen taƙaitawa, wato faɗin maganar wani da bakin kansa. Minti 20 kowane dare ya isa. Da yayyafi kogi kan cika.

Wasu malamai za su ƙi wannan shawara. A ganinsu harshen gida ne yake ɓata wa yara Turanci, shi ya sa a makarantu da dama ake cin tarar wanda aka kama yana Hausa. Mun yarda cewa yaro yana bukatar ya yi ta magana da rubutu da Turanci, kuma ranar jarrabawa da Turanci zai amsa. Amma hana shi harshensa ba ya ƙara masa ko kalma ɗaya ta Turanci. Yawancin yaranmu Turanci shi ne harshensu na uku, bayan na kakanni da Hausa. Wanda ya riga ya iya tunani da harshe biyu ba daƙiƙi ba ne. A bar shi ya tabbatar da ma'ana da harshen da ya fi sani, sa'an nan ya ɗauki biro ya rubuta wannan ma'anar da Turanci cikin jimla biyu ko uku. Wannan mataki na biyu shi ne wanda yayansa ko malaminsa zai duba masa.

Me yaro zai karanta? Kada a fara masa da abin da ya fi ƙarfinsa. In a shafi guda kalmomin da bai sani ba sun yi yawa har ya kasa bin zaren labarin, a sauko ƙasa. Akwai ƙananan littattafai da iyayen yanzu suka karanta a zamaninsu, kamar "The Passport of Mallam Ilia" na Cyprian Ekwensi, wanda aka buga a 1960, da "Chike and the River" na Chinua Achebe, na 1966, da jerin littattafan Pacesetters na kamfanin Macmillan. 'Yan babbar sakandare su kai hannu ga "The Stillborn" na Zainab Alkali, na 1984. Amma kada a tsaya ga labarai kaɗai, gama rubuce-rubucen jarrabawa da yawa bayani ne da muhawara. Don haka tsohuwar jaridar Turanci ma littafi ce, musamman shafin sharhi. Kafin a kai wa mai ƙosai ta naɗe kaya, a bari yaro ya karanta.

Game da ƙamus kuwa, yana da kyau kowane gida mai ɗan sakandare ya mallaki ɗaya. Sai dai a koya wa yaro kada ya ruga wurinsa da zarar ya ga baƙuwar kalma. Ya karanta jimlar da ke gaba da wadda ke baya, ya yi hasashen ma'ana, ya rubuta, daga baya ya duba ko ya dace. A ɗakin jarrabawa babu ƙamus, hasashen nan ne zai fisshe shi.

Idan yaro ya shiga aji biyu na babbar sakandare, lokaci ya yi da zai soma gwada kansa da tambayoyin shekarun baya, waɗanda ake sayarwa a kantunan littattafai. A nan ma akwai kuskuren da ake yi. Yara sukan buɗe bayan littafi su karanta amsa, su ce sun yi bita. A ajiye agogo a gabansa: minti 30 ga sashen fahimta, minti 40 ga na taƙaitawa. Ya karanta rubutun sau ɗaya don ya san inda aka dosa, ya karanta tambayoyi, ya koma ya sake karantawa a tsanake, sa'an nan ya amsa a rubuce. In an ce jimla uku, ya kawo cikakkun jimloli uku, kada ya kawo guntaye. Bayan ya gama ne zai duba amsa, kuma duk wadda ya faɗi ya nemi dalilin faɗuwarta. Rubutu ɗaya a mako, in an dage, ya kai 50 a shekara.

Akwai yaran da ba su da fitila a gida, akwai waɗanda aikin gona da talla ba sa barin su zama. A nan ne jama'a za ta shigo. Kusan kowace majami'a tana da ɗaki da benci da ke zaune ba kowa daga Litinin zuwa Jumma'a. Kusan kowace tana da malamin makaranta mai ritaya, ko ɗalibin jami'a da ya dawo hutu, ko mai yi wa ƙasa hidima. Muna kira ga dattawa da Zumuntar Mata da shugabannin matasa su keɓe yamma biyu a mako, su tara tsofaffin littattafai daga gidajen 'yan'uwa a akwati guda, a buɗe ƙofa ga duk yaran unguwa ba tare da tambayar daga wane gida suka fito ba. A tabbatar kuma 'yan mata suna samun zuwa, domin su ne aikin gida ya fi cinye wa lokaci.

Sai gargaɗi ɗaya. Wasu iyaye, saboda tsoron faɗuwa, sukan kwashi kuɗi su kai yaro wata makarantar ƙauye inda aka ce ana rubuta amsa a allo, ko su saya masa amsar da ake yawo da ita a waya. Hukumomin jarrabawa sukan riƙe sakamakon dubban ɗalibai kowace shekara saboda zargin satar amsa, wasu kuma a soke su. Ko da yaro ya tsira da A1 na sata, jarrabawar JAMB tana jiran sa a gaban kwamfuta, kamar yadda ake yin ta tun 2015. Bayan ita kuma akwai manyan littattafan jami'a, da takardar yarjejeniyar aiki, da bayanin da ke jikin kwalbar magani. Duk waɗannan sai an karanta an gane.

Saboda haka muna roƙon kowane uba da kowace uwa da ke karanta wannan shafi, ko aka karanta musu: yau da dare a kira yaron nan, a karɓi wayar da ke hannunsa na minti 20, a ba shi shafi guda. In ya gama, a ce masa, "To, faɗa mini da Hausa." Abin da ya fito daga bakinsa zai nuna muku inda yake, tun da sauran lokacin gyara. Allah ya ba yaranmu basira, ya ba iyaye haƙurin zama da su.