Tukunyar Kashe Gobara: Don Jami'in Shinge Aka Saye Ta, Ko Don Wuta?

A yawancin motocin shiga daji da ke zirga-zirga a Arewa, Hilux ce ko Land Cruiser, ba a rasa tukunyar kashe gobara. Abin takaicin shi ne, ba don wuta aka saye ta ba. An saye ta ne saboda jami'in hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da ke tsaye a bakin gari. Direba zai tono ta daga ƙarƙashin kaya, ya ɗaga ta sama, jami'i ya hango jan abu, ya ba shi hannu ya wuce. Babu wanda ya dubi allurar agogonta, babu wanda ya tambayi ranar da aka cika ta. An kauce wa tara, an yi gaba da fanko.

A cikin gari wannan sakaci yana iya ƙarewa a asarar dukiya kawai, domin akwai jama'a, akwai ruwa, wani lokaci har motar 'yan kwana-kwana takan iso. A daji kuwa lissafin daban ne. Ayarin masu allurar rigakafi da ke ratsa yashin Yusufari, ko injiniyan da ke hawan tsaunin Mambila, ko fasinjojin da ke ƙetare Tenere daga Agadas zuwa Dirku, duk abin da suke da shi na yaƙar wuta shi ne abin da suka ɗauko. Idan mota ta ƙone a can, ruwan sha da abinci da hanyar komawa gida duk sun ƙone tare da ita.

Motar daji kuma ta fi motar gari kusanci da gobara, saboda dalilai sanannu. Na farko ciyawa. Daga kaka zuwa bazara, busasshiyar gamba da kyasuwa kan cushe a ƙarƙashin mota, su naɗe a jikin salansa. Sashen salansar da ke tace hayaƙi yakan yi zafin da ya haura digiri 400 a ma'aunin Salshiyas, matatar toka ta sababbin motocin dizal kuwa takan kai wajen 600 lokacin da take ƙone dattin cikinta. A ƙarshen 2017 kamfanin Ford ya yi kiranye ga dubban motocinsa samfurin Ranger a Ostireliya kan wannan matsala ta taruwar ciyawa. Na biyu girgiza: hanyar burji tana goge fatar wayoyi, tana sassauta tiyon mai. Na uku ƙarin da ake yi wa mota, fitilu da firji da batir na biyu, waɗanda sau da yawa ake jona su ba tare da fis ba. Na huɗu jarkokin fetur da ake ɗaurewa a baya, kusa da mutane.

Ƙa'idojin hanya na Najeriya sun tanadi tukunya mai kilo 1 ga ƙaramar mota, mai kilo 2 ga a-kori-kura. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi, kuma ba a rubuta shi da tunanin wanda ya yi nisan yini guda da kwalta ba. Tukunyar hoda mai kilo 1 tana ƙarewa cikin sakan goma ko ƙasa da haka. Mutumin da hannunsa ke rawa, iska kuma na kaɗawa, zai zubar da rabin wannan lokaci kafin ya saita baki. Balle ƙaramin gwangwanin feshi mai kama da na maganin sauro da ake tallarsa a mahaɗar titi: wannan kayan ado ne. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ta ceton rai.

Zaɓin ba shi da wuya ga wanda ya so fahimta. A tsarin Turai, wanda aka fi gani a kasuwanninmu, harafin A na nufin wutar daskararrun abubuwa kamar kujera da taya da ciyawa, B wutar fetur da dizal da bakin mai, C wutar gas. A tsarin Amurka, C na nufin kayan lantarki. Mota tana ɗauke da dukkan waɗannan, shi ya sa tukunyar hoda mai alamar ABC ce ginshiƙi. Motar da za ta shiga daji ta cancanci guda biyu: mai kilo 2 inda hannun direba zai kai yana zaune, da babba mai kilo 4 ko 6 a baya, inda za a ciro ta ba tare da an sauke kaya ba. Hoda na da aibinta. Ba ta sanyaya ƙarfe, saboda haka wuta kan iya sake tashi, kuma tana cin wayoyi idan ba a wanke ta da wuri ba. Tukunyar kumfa tana cike wannan giɓi domin tana sanyayawa. Mai iskar kabon kuwa, duk da tsabtarta, iskar fili tana kwashe ta nan take, kuma ba ta iya wa ciyawa da soson kujera.

Saye rabin aiki ne. Tukunyar kilo 2 da aka cika nauyinta ya haura kilo 3; idan tana gangare a ƙasan kujera, ranar da mota ta wuntsila ita ce za ta fara fasa kan wani. Wurinta maƙalin ƙarfe mai maɗauri, ba na roba ba. Galibinsu an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 60 ba, don haka ba a ajiye su inda rana ke dukansu ta gilashi. Girgizar hanya tana danne hoda ta dunƙule a gindi, har allura ta nuna kore alhali abin da ke ciki ya zama kamar siminti. Maganin shi ne a kifa ta a girgiza duk wata, a duba allura da hatimi da bakin tiyo, a kai ta wurin masu dubawa duk shekara. Wadda aka taɓa fesawa, ko sau ɗaya ne, sai an sake cika ta.

Ranar da abin ya faru, tsari ne ke ceto. A tsaya a fili marar ciyawa, a kashe inji, a fitar da kowa zuwa nisan mita 30 ta ɓangaren da iska ke fitowa. Idan hayaƙi na fita daga inji, babban kuskure shi ne wangale murfi, domin hakan ciyar da wuta iska ne. A saki makullin murfin kawai, a fesa ta ƙaramar kafar da ta buɗe. A zare ƙarfen kulle, a saita baki a gindin wuta ba harshenta ba, a matsa, a riƙa kai shi dama da hagu, iska tana bayan mai fesawa. Ruwa a kan fetur yaɗa shi yake yi, ko da an zuba masa omo. Idan wuta ta kai ɗakin fasinja ko jarkoki, an gama: a bar motar.

Akwai masu cewa dizal ba ya kamawa. Gaskiya ne cewa ya fi fetur taurin kai, tunda sai ya haura digiri 50 yake fitar da tururin da zai kama, alhali fetur na yin haka ko a ƙasa da sifili. Amma dizal da ya tsarto daga fasasshen tiyo ya sauka kan salansa mai zafi ba ya jiran izinin kowa, kuma wayoyi da ciyawa ba ruwansu da irin man da ke tanki. Wasu kuma na cewa yashi ya wadatar. Yashi na rufe man da ya zube a ƙasa, amma ba ya shiga ƙarƙashin murfin inji, ba ya hawa bayan dashbod.

Laifin bai tsaya kan direba ba. Ma'aikatu da ƙungiyoyi da kamfanoni na sayen mota ta miliyoyin naira, sannan jami'in sayayya ya tsuke bakin aljihu a kan tukunyar da kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Masu sa hannu a waɗannan takardu su ne kuma ke zama a kujerar baya. Ya kamata kowace ma'aikata ta sa kowane direbanta ya fesa tukunya ta gaske a kan wutar gwaji, ko sau ɗaya, kuma duba ƙarƙashin mota don cire ciyawa ya shiga cikin aikin kowane zango. Jami'an hanya su ma lokaci ya yi da za su daina gamsuwa da launi, su karɓi tukunya a hannu su dubi allura da kwanan wata. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda zai shiga mota gobe zuwa daji yana da haƙƙin tambayar direba, tun kafin a tashi inji, ina tukunyar take da kuma yaushe aka duba ta.