Ra'ayinmu: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, ba ta zama a kan kwamfutar da ƙwaƙwalwar aikinta ba ta kai gigabait 4 ba, kuma tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 wadda tsofaffin injuna da yawa ba su da ita. Wannan ne ya sa wasu ke ganin kwamfutocin da ke jibge a ofisoshin makarantunmu, daga Dutse zuwa Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, sun zama kayan gwangwan. Mu ba mu yarda da wannan hukunci ba.

Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, kaya ne suka yi masa nauyi. Maganin shi ne a sauke masa babbar manhajar da ta fi ƙarfinsa, a ɗora mai sauƙi daga dangin Linux, wanda Linus Torvalds ya assasa a ƙasar Finland a 1991, kuma kyauta ake samunsa. Kwamfuta mai gigabait 2 zuwa 4 za ta ɗauki Linux Mint nau'in Xfce, wadda fuskarta ta yi kama da Windows, ko kuma Lubuntu. Wadda ba ta kai haka ba, ko mai bit 32, antiX ce daidai da ita. Da manhajar LibreOffice kuwa, malami zai rubuta jarrabawa, ya tsara sakamakon ɗalibai, ba tare da intanet ba.

Sai dai a yi hattara. Kayan gwamnati ne, don haka a nemi izinin shugaban makaranta tukuna. A kwashe bayanan ɗalibai zuwa wani ma'aji. Sannan a gwada sabuwar manhajar daga filashi kafin a girka ta, domin wasu firintoci da manhajojin da aka yi wa Windows kaɗai ba za su yi aiki ba.

'Yan'uwa malamai da iyaye, abin da ke gabanmu ya wuce batun inji. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ita ma jarrabawar ƙwarewa ta TRCN da malamai ke zaunawa a kan kwamfuta ake yin ta. Yaron da ya fara taɓa madannai a aji biyar ba zai yi rawar hannu a zauren jarrabawa ba.

Muna kira ga kowane wakilin ƙungiya ya ƙidaya kwamfutocin makarantarsa, ya rubuta ƙarfin kowacce, ya kawo wa reshe. Da wannan lissafi za mu tunkari Sakatarorin Ilimi da hukumar SUBEB da buƙatar horar da malamai. Za mu ci gaba da neman sababbin kayan aiki, amma kafin su iso, kada ƙura ta cinye waɗanda ke hannu.