Lafiya Uwar Jiki: Bayan An Zubar da Ƙiba, Me Ke Hana Ta Dawowa?

 

Rage ƙiba abu ne da mutane da yawa suka iya. Wanda likita ya tsoratar da shi da hawan jini ko ciwon sukari yakan ɗaure ciki wata biyu ko uku, ya bar shinkafa, ya guji mai, har ka ga riga ta yi masa yawa. Ka dawo bayan shekara guda, sai ka tarar da shi yadda ka san shi, ko ma ya fi da. A shekarar 2001 wasu masana suka tattara sakamakon bincike 29 da aka yi a Amurka a kan waɗanda suka rage nauyi, suka ga cewa kafin a cika shekara 5 kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka zubar ya dawo. Ke nan babban aikin yana farawa ne ranar da ake tsammanin an gama.

Mu kan yi saurin cewa mutum ne ya kasa riƙe bakinsa. A ganina akwai rashin adalci a wannan hukunci, domin jikin ɗan Adam yana ɗaukar ramewa tamkar alamar fari ce ta shigo gari, sai ya tashi tsaye ya kare rumbunsa. A birnin Melbon na ƙasar Ostiraliya an sa mutum 50 cin abinci ƙalilan na mako 10, suka zubar da kimanin kilo 13 kowanne. Da aka auna jininsu bayan shekara guda, kamar yadda aka bayyana a 2011, sai aka tarar sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake kafin su fara, shi kuwa leftin, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki, yana ƙasa. Shekara ta zagayo, amma yunwarsu ba ta koma yadda take ba.

Akwai kuma ɓangare na biyu. A 2016 wani masani mai suna Kevin Hall da abokan aikinsa suka bi sawun mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta gidan talabijin a Amurka. A lokacin gasar sun zubar da kilo 58 a matsakaici. Bayan shekara 6 kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu, ko suna kwance ba sa komai, yana ƙona ƙasa da abin da ya kamata ga masu nauyinsu da kimanin kalori 500 a kowace rana. Gasar tasu ta wuce gona da iri, don haka ba kowa ne zai kai wannan matsayi ba, amma hanyar ɗaya ce: jikin da ya rame yana tsimi wajen kashewa, yana kuma matsa lamba wajen nema. Wanda bai san da wannan ba, idan yunwa ta dame shi a wata na shida, sai ya ɗauka shi ne rago, ya fid da rai, ya koma gidan jiya.

To, waɗanda suka yi nasara fa, me suke yi? Tun 1994 Rena Wing da James Hill suka buɗe wani kundi a Amurka na mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Masu rajista sun haura 10,000. Hanyoyin da suka bi suka rame sun bambanta ƙwarai, amma yadda suke zaune bayan nan ya yi kama da juna. Kashi 78 cikin 100 suna karya kumallo kullum. Kashi 75 suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Kashi 90 suna motsa jiki kimanin awa guda a rana, kuma tafiyar ƙasa ce ta fi yawa a cikin abin da suke yi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, waɗanda cinsu na ranar hutu da na lokacin bukukuwa bai sha bamban da na sauran ranaku ba sun fi sauran riƙe nauyinsu. Waɗannan mutane su suka kawo kansu, su ne kuma ke ba da labarin kansu, saboda haka kundin yana nuna mana ɗabi'ar masu nasara ne kawai. Duk da haka, maganar daidaiton ci ta dace da hankali. Mu da mako ba ya wucewa babu suna ko ɗaurin aure ko walima, idan kowace gayyata ta zama uzuri, ranakun uzuri za su fi ranakun ƙa'ida yawa.

Sai batun irin abincin. An daɗe ana gardama ko mai ne ya kamata a rage ko sitaci. A 2018 masu bincike a jami'ar Sitanfod suka raba mutum 609 gida biyu har shekara guda, kashi ɗaya suka rage mai, ɗaya kashin suka rage sitaci, amma duka aka umarce su da yawaita ganye, rage sukari da farin gari, da girki a gida. Da aka auna, bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba: waɗannan kilo 5 da ɗoriya, waɗancan kilo 6. Wani binciken na ƙasashen Turai 8 da aka bayyana a 2010 ya fi kusa da tambayarmu, domin ya fara ne bayan mutane 773 sun riga sun rame. Waɗanda aka ɗan ƙara musu abinci mai gina jiki, aka kuma ba su sitacin da ba ya saurin narkewa ya zama sukari a jini, su suka fi riƙe nauyinsu cikin mako 26. Waɗanda aka bari da ƙarancin mai gina jiki da sitaci mai saurin narkewa su suka fara cikowa.

A 2019 Hall ɗin nan ya sake yin wani gwaji. Ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike, mako biyu suna cin abincin kamfani da aka sarrafa ƙwarai, mako biyu suna cin wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun ci ƙarin kalori kimanin 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo guda. A ɗaya makonnin kuwa suka rage kusan kilo guda. Ba wanda ya ce musu su ƙara ko su rage. Abincin ne da kansa ya sa hannu ya riƙa komawa kwano.

Idan muka juyo da wannan cikin tukunyarmu, za mu ga ba mu da buƙatar sayo wani baƙon abu. Sitacin da ba ya saurin narkewa shi ne gero da dawa da ba a surfe su har suka rabu da dusarsu gaba ɗaya ba. Mai gina jiki mai araha shi ne wake, da awara, da ƙwai, da nono, da busasshen kifi. Ganye kuwa ga zogale, ga rama, ga yakuwa, ga kuka da kuɓewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma kwaɗon zogale kwano guda ya kai mutum nesa a wannan lissafi. Abin da ya sauya a gidajenmu na birni shi ne farar shinkafa da taliya da burodi sun ture tuwo gefe, mai kuma ya ƙaru har sai ya taso saman miya kafin a ce uwargida ta iya girki. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, ko na gyaɗa ko manja, yana ɗauke da kalori kimanin 120. Uwargida, ki lissafa cokali nawa ne a cikin abin da kike tuttulawa daga galan kai tsaye. Aunawa da cokali kaɗai, ba tare da an canja komai a girkin ba, tana rage abin da babu wanda zai ji rashinsa a baki.

Maigida kuma kada ya yi dariya, nasa yana cikin butar shayi. Hukumar ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci, wato kimanin gram 50, ko ƙaramin cokali 12, ga babban mutum. Gwangwanin lemo ɗaya na santilita 33 yana da kimanin gram 35. A haɗa da shayin majalisa, na fari da na biyu da na uku, safe da yamma, da sukarin da ake zubawa a koko da fura da zoɓo. Sukarin da aka sha ba ya ƙosar da mutum kamar abincin da aka tauna, shi ya sa wanda ya rame yake iya mayar da ƙibarsa ta kofi alhali yana rantsuwa bai ƙara loma ko ɗaya ba.

Watan azumi yana nuna mana duk wannan a taƙaice. Binciken da ya tattara sakamako daga ƙasashe da dama ya nuna mai azumi yakan rage kimanin kilo guda ko fiye kaɗan a watan, kuma mafi yawansa yana dawowa cikin 'yan makonni bayan Salla, domin lokacin cin ne ya canja, tsarin abincin yana nan. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, magana ce ta kowace rana a shekara, kuma wannan ne ainihin abin da mai son riƙe nauyinsa yake buƙata.

Akwai wata matsala da ba a auna ta da sikeli. A wurinmu cikar jiki alamar hutu ce da wadata. Matar da ta rage kilo 10 bisa shawarar likita za ta sha tambaya: lafiya kuwa? Ko maigida ba ya kula da ke ne? Wata uwar ma har ta aiko da abin da za a sha a ciko. Ga shi kuma a kwano ɗaya ake ci, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Wanda aka ware masa nasa girkin dabam kamar majinyaci ba ya jurewa. Idan kuwa miyar gidan ce aka gyara, aka ƙara wake da ganye ga kowa, aka daina ajiye lemo sai ranar baƙi, to ya samu abin da zai iya zama a kansa shekaru, yara ma sun amfana. Sai dai a bambance: ramewar da ta zo ba da niyya ba, musamman tare da yawan ƙishirwa da fitsari ko tari mai daɗewa, ta likita ce, kada a yi murna da ita.

Wasu za su tambayi sababbin alluran rage ƙiba irin su Wegovy. Suna aiki, amma binciken 2022 ya nuna waɗanda suka daina sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda, ga kuma tsada.

Wanda nauyinsa ya ɗan dawo kada ya ce wahalarsa ta tafi a banza. A wani babban gwaji na Amurka da aka bayyana a 2002, masu haɗarin kamuwa da ciwon sukari da aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki minti 150 a mako, sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Bayan shekara 10, ko da yake wani ɓangare na nauyin ya dawo, ragin yana nan da kashi 34. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba. A hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin a karya. In an ga ƙarin kilo 2, a duba kofi da cokalin mai tun bai zama 10 ba. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini kuwa ya sanar da likitansa kafin ya sauya cinsa, domin awon maganin na iya buƙatar gyara.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.