Gini ba ya rayuwa sai da jama'a

Wanda ya haye gada daga Treichville zuwa Plateau zai tarar da La Pyramide, benen da Rinaldo Olivieri ɗan Italiya ya zana, aka kammala a 1973 domin ya haɗa shaguna da ofisoshi tamkar kasuwa. Yau ya koma kango saboda rashin kulawa. Fargabarmu ita ce kada Palais de la Culture na Treichville, wanda Sin ta gina aka buɗe a 1999, ya bi sahunsa. Mu da muka tashi a zaure mun san jama'a ke raya gini. A ba maɗinka da masu sayar da littattafai rumfuna a harabarsa, kuɗin hayarsu ya riƙa gyara rufi.